SALULA BA TA RAINON ƊA

(Wanga jawabi, wani dattijon garinmu ne, tsohon mushen lakkol, ya yi shi a taron shekara na ƙungiya, bayan ma'aji ya gama karanta lissahin kuɗin asusu. Jama'a sun roƙi a buga shi cikin takardarmu saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba, a kuma kai shi cikin gida mata su ji.)



Mai gari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gahwarta Malam. Shugaban ƙungiya, dattijai, iyayenmu mata da ƙannenmu da ke zaune can inuwa, ina gaishe ku. Ƴan'uwa da kunka taso daga Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da ku da kunka kwana bisa hanya daga Kano, da Ikko, da Kwatano, da Abijan, barkanku da zuwa, barkanku da gajiya.

Tun sahe muke maganar gyaran rijiya da kwanon aji biyu da iska ya yaye. Magana ce mai kyau. Amma na roƙi shugaba shi ba ni ɗan lokaci in yi maganar waɗanda za su sha ruwan rijiyar, su zauna cikin ajin. Ina nuhin ɗiyanmu da jikokinmu ƙanana, waɗanda ba su kai shekara biyar ba, da kuma wagga salula da muke miƙa musu don su yi shiru.

1. ABIN DA NA GANI DA IDONA

Bara, bayan an ɗaure damma an sa rumbu, na tahi Yamai neman maganin ido. Na sauka gidan yaron wajena, na yi kwana ashirin. Shina da ɗa namiji mai shekara uku. Na tahi mashi da tsarabar aya da ƙuli-ƙuli, ina ta murna zan ga abokin wasana.

Da na yi sallama, uwar ta hito ta durƙusa ta gaishe ni. Yaron shina kwance bisa tabarma da salular uwarshi a hannu. Na kira shi, bai ɗaga kai ba. Na ce: "Kai, maigida, ka ƙwace mini mata, kuma ba ka ko gaishe ni?" Ko motsi bai yi ba. Yatsanshi kawai ke tahiya bisa gilashi. In talla ta hito, ya san inda za shi taɓa ta wuce. Ni da na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe da alli, ban san wurin ba.

Da dare anka kawo tuwo. Sai na ga an jingina salula jikin kwano, an kunna mashi katun. Uwar tana sa mashi loma, shi ko shina buɗe baki kamar ɗan tsuntsu, idonshi bai bar gilashi ba. Bai san miyar da ya ci ba. Ran da mega ta ƙare, ya hwaɗi ƙasa shina birgima har maƙwabta sunka leƙo. Na zauna na ƙidaya kalmomin da ke hita bakinshi cikin yini, ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Kada ku ce tsoho ya zo kai ƙarar surukarshi. Ku tsaya ku ji nawa laihin. Ran kwana na uku wani abokina da munka yi aiki tare ya zo gaishe ni. Muna hira, yaron ya dame mu da jan riga. Ban san sa'ad da na sa hannu aljihu na hiddo tawa salular na miƙa mashi ba. Nan take ya yi tsit. Munka yi hirarmu awa guda cikin daɗi. Sai da na kwanta da dare kunya ta kama ni. Yaro ya zo wurin kakanshi neman wasa, kakan ya sallame shi kamar mai bara.

Da na komo gida sai na hwara lura. Ashe abin bai tsaya birni ba, ya iso garin ga. Na ga mace tana daka, ɗanta na zaune gindin turmi da salula. Na ga ƴar raino mai shekara tara ta aje ƙanenta ta kunna mashi fim, ta tahi wasanta. Na ga yara sun yi layi wurin mai caji ranar kasuwa, ana zuba musu fina-finai cikin memori, babu babba ko ɗaya da ya duba abin da anka zuba. Kuma in kun tambayi wa ya sayi salulolin, amsar tana zaune nan gabana. Mu ne, ƴan birni da ƴan bida, munka aiko su, da kyakkyawar niyya.

2. MUN SAN AKWATI TUN BA YAU BA

Ni ba maƙiyin sabon abu ba ne. Mutanen ƙasar ga sun daɗe da sanin akwatin magana da akwatin hoto. A 1962 anka kahwa kulob-kulob na rediyo a Nijar. Dattijan da ke nan sun tuna: a taru gindin itace, a saurari shiri, a kashe rediyo, sa'an nan mai jagora shi tambayi kowa ra'ayinshi. A 1964 anka hwara tele ta lakkol, wadda ta sa sunan Nijar ya kai ƙasashe da yawa. Darasin gajere ne. In ya ƙare, akwai malami tsaye cikin aji, shi tambayi yara abin da sunka gani, shi sa su maimaita, shi gyara musu. Kuma yaran nan sun isa shiga lakkol, ba ƴan goye ba ne.

Zamanin Seyni Kountché, da Télé Sahel ta hwara aiki, an kai tele ta jama'a garuruwa da yawa. Ana kunna ta da marece, gari duka shi taru, a kalli labarai ko kokowa. Yaro shina zaune kusa da yayanshi ko kawunshi. In ya ga abin da bai gane ba, shi tambaya. In anka ruhe tasha, kowa shi nuhi gida, gobe a kwana ana gardamar wa ya kada wa.

Ku duba abu biyu a nan. Akwatin da, shina da lokacin buɗewa da lokacin ruhewa. Kuma ba a barin yaro da shi su biyu kaɗai, kullum akwai mutum tsakani.

Salula ta shigo Nijar a 2001. Da hwarko ta kira ce kawai, ta kuma yi muna rana: ɗan bida ya daina jiran mai zuwa gida kamin shi ji lahiyar iyalinshi. Daga baya manya sunka zo, waɗanda ake shahwa, masu YouTube da TikTok da WhatsApp. Waɗanga ba su da lokacin ruhewa. In wani fim ya ƙare, wani shi hwara da kanshi, ba sai an taɓa ba. Masu yin su da gangan sunka shirya su haka, don kuɗinsu na hitowa daga tallan da ake gani, kuma gwargwadon daɗewarka gwargwadon ribarsu. Babba mai gemu ma shina shan wuya kamin shi aje. To ina ga ɗan shekara biyu? TikTok da kanta ta rubuta cikin ƙa'idodinta cewa sai mai shekara 13 za shi buɗe ta. Mu ko muna miƙa ma wanda ba a yaye ba.

3. YADDA YARO KE KOYON MAGANA

Iyayenmu mata, kun san lugude. Mata biyu, turmi guda: wagga ta saki taɓarya, waccan ta ɗaga. In ɗaya ta tsaya, lugude ya mutu. To haka yaro ke koyon magana. Jinjiri shi yi "aa", uwa ta amsa mashi. Shi yi dariya, ta yi dariya. Shi nuna akuya da yatsa, ta ce: "I, akuya ce, ga ɗanta can." Shi ce "kuya", ta ce: "Madalla, akuya!" Daga wanga ba-ni-in-ba-ka magana ke tsira. Salula tana zuba magana kamar ruwan sama, amma ba ta jiran yaro shi amsa, ba ta san ya nuna wani abu ba, ba ta san ya ji tsoro ba. Taɓarya guda ce ke sauka.

Masana sun ce ƙwalwar yaro tana kai wajen kashi 80 cikin 100 na girman ta babba tun shina shekara uku, ta kai wajen kashi 90 a shekara biyar. Kamar gini ne: waɗannan shekarun su ne tushe. Magabata sun riga sun hwaɗa, icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu iyaye sun ce mini: "Mushe, ai Faransanci shike koyo cikin katun, in ya shiga lakkol sai shi wuce tsaranshi." Ku saurari wani gwaji. A 2003, wata malama mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta, a jami'ar da ke birnin Seattle na Amurka, sun ɗauki jarirai ƴan wata tara waɗanda Ingilishi kaɗai ake yi gidajensu. Kashi guda, anka kawo mutane masu jin Sinanci su zauna da su, su yi musu wasa, su karanta musu littahi, har zama 12. Wani kashi, anka nuna musu waɗannan mutanen dai, da maganar nan dai, amma cikin tele. Wani kashi kuma murya kaɗai anka sa musu. Da anka auna, jariran da sunka zauna da mutum ido da ido sun iya rarrabe sautukan Sinanci. Na tele da na murya ba su ɗauki komi ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Magana guda, malami guda. Abin da ya bambanta shi ne, a wuri guda akwai mutum mai rai da ke kallon idon yaro.

Ni kuma ga abin da aji ya koya mini. Yaron da ya zo lakkol bakinshi cike da Hausa, ya san tatsuniya, ya san sunan itatuwa da tsuntsaye, ya iya ba da labari daga hwarko har ƙarshe, shi ne ke saurin kama karatu, ko da wane harshe ake yin shi. Wanda ya zo da guntayen kalmomin katun, babu Hausa babu Faransanci, shi ke ba malami wuya. Tun 1973 anka buɗe lakkol ta gwaji a Damagaram inda ake hwara koya ma yara karatu da harshen gida. A 2025 kuma hukuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To mi anhwanin a ɗaukaka harshe bisa takarda, in jikokinmu ba su ji shi daga bakinmu ba?

Akwai wani gwaji kuma, wanda ya shahwe mu manya. A shekarun 1970 wani masani Ba'amurke, Edward Tronick, ya sa uwaye su yi wasa da jariransu, sa'an nan su tsaya cik, su daskare huska kamar minti biyu, ba murmushi ba magana. Jariri shi yi dariya don uwa ta amsa. Shi miƙa hannu. Shi yi ƙara. In ya ga babu amsa, sai shi kau da kai shi ɓarke da kuka. Minti biyu kaɗai ke nan. Yanzu ku tuna huskar mutum in shina kallon salula. Ku tuna uwa tana ba da nono idonta na bisa gilashi. Ku tuna uba a majalisar shayi, ɗanshi ya zo shina "Baba, Baba", shi ko shina "uhm, uhm" bai ɗago ba. Wagga ita ce huskar da ɗiyanmu ke gani sau da yawa cikin yini. Ke nan cutar ba ta tsaya ga salular da ke hannun yaro ba, har da wadda ke hannunmu.

4. ABIN DA LIKITOCI SUNKA CE

A 2019 Hukumar Lahiya ta Duniya, wadda muke ce ma OMS, ta hiddo shawara game da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ga ta a taƙaice:

Yaron da bai kai shekara biyu ba, kada a zaunar da shi gaban tele ko salula.

Daga shekara 2 zuwa 4, kada shi wuce awa guda a yini, in an rage ya hi kyau.

Daga shekara 1 zuwa 4, yaro shina bukatar motsa jiki aƙalla minti 180 a yini, wato awa uku na guje-guje da wasa.

Barci: ɗan shekara 1 zuwa 2, awa 11 zuwa 14. Ɗan shekara 3 zuwa 4, awa 10 zuwa 13.

Kuma hukumar ta ce in yaro shina zaune, abin da ya dace shi ne babba shi karanta mashi ko shi ba shi labari. Da na ji haka sai na yi dariya. Likitocin duniya sun taru sun yi bincike, sun komo ga abin da kakata ke yi muna bisa tabarma bayan tuwon dare: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ƙasashen da sunka riga mu samun waɗanga kaya sun riga mu jin zahinsu. A Faransa, tun 2008 hukumar da ke kula da tashoshin tele ta hana tashoshin ƙasar yin shirin da anka nuhi yara ƴan ƙasa da shekara uku da shi. Wanda ya riga ka kwana, dole shi riga ka tashi. Bai kamata mu jira sai mun hwaɗa ramin da sunka hwaɗa ba.

Ban da magana, akwai barci. Hasken gilashi da tashin hankalin fim suna hana yaro yin barci da wuri, shi tashi da sahe shina ƙunci. Akwai ci: yaron da ake ɗura ma abinci shina kallo bai san ya ƙoshi ba, bai san daɗin abin da ya ci ba, bai koyi ci da hannunshi ba. Akwai haƙuri. In duk sa'ad da yaro ya yi kuka anka toshe bakinshi da salula, yaushe za shi koyi lallashin zuciyarshi? Ya gane cewa kuka ke sayen salula, gobe sai shi ƙara kuɗi. Ga kuma abin da ke cikin memori. Ku da kanku kun san akwai abin da ba ku so ɗanku shi gani, kuma ba shi da nisa da yatsanshi.

Amma in yi gaskiya: ba duk yaron da ya yi jinkirin magana ne salula ta ja mashi ba. Wani kunne ne ba shi ji sosai, saboda ciwon kunne ko sanƙarau da ya taɓa yi. Wani tamowa ce. Wani kuma haka Allah ya halicce shi, shina bukatar kulawa ta daban. In yaro ya kai shekara biyu ba shi haɗa kalma biyu, ko in an kira sunanshi ba shi waigowa, a kai shi likita a duba. Kada a zauna ana zargin uwa, kada kuma a ce maita ce.

5. LAIHIN WA?

Na ga wasu maza suna kallon wajen mata. Ku maido idonku nan.

Macen ƙauye ta tashi tun asuba: ruwa, icce, surhe, daka, dahuwa, wanki, kai hura gona. Macen birni tana cikin ɗaki guda na haya, ga sana'a ko aiki, ga mota da babur a ƙohwar gida, ba ta iya sakin yaro waje. In ta miƙa mashi salula don ta samu ta sauke tukunya, ba mugunta ba ce, gajiya ce. A da ma uwa ba ita kaɗai ke raino ba. Akwai kaka, akwai goggo, akwai inna, akwai kishiya, akwai yayye cike da tsakar gida. Al'adarmu ta sa uwa da uba suna kunyar ɗan hwari, ba su kiran sunanshi, ba su wasa da shi gaban mutane. Wanga bai cuci yaro ba, don kakanni sun cike gurbin. Kaka ce ke kiran jikanta mijinta, ta tsokane shi, shi rama, bakinshi shi buɗe. In anka tashi yaye, gidan kaka ake kai shi.

Yanzu mun kwashi matanmu mun kai birni, mun baro kaka a ƙauye. Mun tahi da kunyar, mun baro mai cike gurbin. Ko kuma mun baro mata da yara nan, mun yi wata takwas, shekara, shekara biyu muna Libiya ko Aljeriya ko wurin zinariya a Jado. Wurin da kaka ta bari, da wurin da uba ya bari, nan salula ta samu ta zauna. Saboda haka ni ban ga laihin mutum guda ba. Zama ne ya sake, mu kuma ba mu sake dabara ba.

Ku ƴan bida, na san zuciyarku. Kuna ɗaukar kaya a Abijan, kuna tura ruwa a Ikko, kuna kwana cikin shago, duk don yaran ga. In kun aiko babbar salula, so ne ya sa. Kuma tana da wurin da take da anhwani ƙwarai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, da ta ce a 2016 a nisanta yara ƴan ƙasa da wata 18 da gilashi, ta ware abu guda: kiran da ake ganin juna. Dalili shi ne, a nan akwai mutum a wancan gehe, shina amsawa, lugude bai mutu ba. To in ka kira gida, kada ka tsaya ga "an samu saƙo?" da "nawa ya rage?". Ka ce a ba ka yaro. Ka tambaye shi mi ya ci, ina akuyarshi, wa ya buge shi yau. Ka nuna mashi inda kake kwana. Ka aiko mashi tatsuniya da muryarka ta WhatsApp, uwar ta zauna da shi su saurara tare. Mega ta dala arba'in da ta tahi haka ta hi ta jika guda da ta tahi ga katun.

6. SHAWARWARIN DA NAKE KAWO MA ƘUNGIYA

Ban ce a zuba saloli cikin rijiya ba. Ga abin da nake roƙo mu ɗauka, kowa shi kai gidanshi:

Na ɗaya. Yaron da ba a yaye ba, ko bai cika shekara biyu ba, ba a ba shi salula, sai in ubanshi ko wani dangi ne ke kira.

Na biyu. Daga shekara biyu zuwa biyar, in za shi kalla, shi zama kaɗan, kada shi wuce awa guda, kuma da babba kusa. Ka tambaye shi: wane ne wancan? mi ya sa ya gudu? Yadda malamin tele ta lakkol ke yi.

Na uku. Ba salula wurin cin abinci, ga yaro da babba duka. Ba salula bayan sallar isha'i a hannun yaro.

Na huɗu. Uwa in tana aiki, ta sa yaro cikin aikin da baki. Ba shi ɗaukar lokaci, ba shi cin ko dala. "Miƙo mini ludayi. Wanga mi ne ne? Gero ne. Ƙidaya mini albasa." A ba shi ƙoƙo da tsakuwa, ko kara shi yi mota, ko laka shi gina shanu. Mu da abin da munka girma ke nan.

Na biyar. Uban da ke gida shi ware ko minti goma sha biyar kullum, shi aje salula cikin aljihu, shi ɗauki ɗanshi. Ka tahi da shi wurin dabbobi, ko masallaci, ko bakin kasuwa, kana gaya mashi sunan abin da kunka gani. Kunya ba ta hana wanga. In ɗan hwari ne, a yi cikin gida.

Na shida. Duk memorin da za ta shiga salular gida, babba shi duba ta tukuna. Muna roƙon matasanmu masu caji su daina zuba ma ƙananan yara fim in ba da babba sunka zo ba.

Na bakwai. Ƴan birni, in an yi hutu ku aiko yara gida su yi ko wata guda wurin kakanninsu. Ku da ke unguwa guda a Yamai ko Maraɗi, ku riƙa haɗa yaranku gida guda su yi wasa, yau nan gobe can, uwaye su samu hutu.

Na takwas. A nan gari, mu roƙi iyayenmu mata su maido tatsuniyar dare, ko sau biyu a mako, lokacin hwarin wata. Ƙungiya tana iya sayen tabarmi da hitila, da ɗan goro na tsohin da za su zauna. Matasa su ɗauki muryarsu da salula a aika ma jikokin da ke nesa. Kun ga nan salula ta zama baiwa, ba uwar gida ba.

In kun hana, za a yi kuka. Kwana uku, kwana biyar, watakila mako. Ku daure, kada ku yi duka, kada kuma ku mayar. Ku ba shi wani abu a madadin, kuma abin da ya hi duka shi ne ku kanku.

7. ƘARSHEN LABARIN JIKANA

Kamin in baro Yamai na zauna da yaron wajena da matarshi, munka yi magana ta hankali. Sun kai shi likita, anka duba kunnenshi, lahiya lau. Da rani ya yi sunka kawo shi nan wurin kakarshi, ya yi wata biyu. Makon hwarko mun sha kuka, har tsohuwa ta ce a maida shi. Mako na biyu ya hwara bin yaran maƙwabta. Ya hwaɗi ya ƙuje gwiwa, ya ci ƙasa, tunkiya ta tunkuɗe shi. Kullum da dare shina jikin kakarshi, tana ba shi labarin gizo da ƙoƙi, shina cewa a sake.

Wata rana ina zaune ƙohwar gida, sai na ji an ja mini riga. Na waiga. Ya ce: "Kaka ta ce ka zo ka sha hura, in ba ka zo ba ni in shanye." Jama'a, na karɓi albashi shekara da shekaru, ban taɓa jin daɗin da na ji ran nan ba. Ban ce kowane yaro haka nashi za shi kasance ba. Na dai gaya muku abin da ya hwaru gidana.

Za mu gyara rijiya, in Allah ya so. Za mu ruhe aji. Waɗanga da kuɗi ake yin su, kuma kun ba da. Abin da nake roƙo yau ba a aiko shi ta mota, ba a sa shi cikin asusu. Yau da dare, in kowa ya koma masaukinshi, shi kira ƙaramin yaron da ke gidan, shi zaunar da shi, shi tambaye shi wani abu, shi kuma jira amsa.

In na hwaɗi abin da ya ɓata ma wani rai, shi yi mini ahuwa, tsuhwa ce da ƙauna. Allah shi raya muna zuri'a, shi ba mu damina mai albarka, shi maida matahiya gidajensu lahiya. Allah shi kai mu taron baɗi.

Wassalamu alaikum.

(Bayan jawabin an yi muhawara mai tsawo. Taro ya amince da shawarwarin, ya kuma ɗora ma reshen mata nauyin shirya tatsuniyar dare. Wakilan garuruwa su karanta wagga takarda a taronsu na wata, su aiko muna da abin da jama'arsu sunka ce.)